Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hukumar NICRAT: ana binciken gyaran ƙwayoyin gado, mu kuma dajin cikinmu ko suna ba shi da shi

Zuwa ga Shugaba da ma'aikatan Hukumar Bincike da Magance Ciwon Daji ta Ƙasa, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya ku da iyalanku, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon wannan amana. Ni tsohon malamin asibiti ne. Na shafe shekara talatin da ɗoriya a ƙananan asibitocin karkara tsakanin Ringim da Taura da Garki a Jihar Jigawa, na yi ritaya, yanzu ina cikin kwamitin lafiya na mazaɓarmu. Da yawun wannan kwamiti nake rubuto muku, da kuma yawun gidajen da suka binne nasu da kumburarren ciki ba tare da an taɓa faɗa musu abin da ya ci su ba.

Abin da ya tayar da maganar ya faru ne a zaman makokin wani maƙwabcina, manomin gyaɗa da bai cika shekara arba'in da biyar ba. Ranar sadakar uku ƙanensa ya jawo ni gefe, ya ciro wasu 'yan ledoji masu ƙyalli daga aljihu. Ya ce wani ne ya kawo musu daga birni, ya nuna musu bidiyo a waya, ya ce wannan shi ne sabon maganin Turawa mai gyara ƙwayoyin halitta tun daga tushe. Raguna biyu suka sayar suka saya. Na buɗe ɗaya, wani gari ne mai ƙamshin lemo. Sai ya ce mini, "Baba Malam, don Allah da gaske akwai irin wannan maganin, ko dai an ci da mu ne?"

Na ce masa duka biyun gaskiya ne. Binciken yana nan, ana kuma yin sa da gaske. Abin da ke hannunsa kuwa damfara ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce ba wanda ya taɓa yi wa mutanenmu wannan bayani da harshensu.

Ga yadda na bayyana wa kwamitinmu, ku gyara mini in na yi kuskure. Kowace ƙwayar halitta a jiki tana ɗauke da rubutun da ta gada, wanda ake kira DNA, kamar allo da aka rubuta mata yaushe za ta hayayyafa, yaushe za ta tsaya, yaushe za ta mutu. Daji yana farawa ne idan aka samu tuntuɓen alƙalami a wannan rubutu, ƙwayar ta daina jin tsawatarwa, ta yi ta haihuwa ba ƙaƙƙautawa. Masu binciken gyaran ƙwayoyin gado suna neman kai hannu ga allon kansa. Wasu sukan ɗauki ƙwayar bairos su cire mata dafi su ɗora mata rubutun da ya dace ta kai cikin ƙari. China ta amince da irin wannan magani mai suna Gendicine tun 2003, don dajin kai da wuya. Wasu sukan sarrafa bairos ɗin ne ya riƙa shiga ƙwayoyin daji yana fasa su. Wasu kuma sukan ɗebi sojojin garkuwar jiki daga jinin majiyyaci, su sauya musu rubutu a ɗakin gwaji har su iya gane abokin gaba, sannan su mayar da su jikinsa. Wannan na ƙarshe shi ake kira CAR-T. Amurka ta amince da na farkonsa a 2017 don dajin jini, a kan dala 475,000.

A dajin kayan ciki kuwa, wato bututun abinci da tumbi da hanta da hanji da wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi da ake ce wa fankiriyas, aikin bai nuna ba tukuna. Ƙari mai tauri yana gina wa kansa ganuwa, sojojin ba sa samun shiga da sauƙi. A 2019 an dakatar da wani babban gwaji na bairos da aka sarrafa don dajin hanta, saboda bai nuna amfani ba. A 2025 masu bincike a China sun fitar da sakamakon gwajin CAR-T a kan dajin tumbi da ya yi nisa, kuma abin da aka samu shi ne jinkirta ci gaban cutar da kimanin wata ɗaya da rabi a matsakaici. Masana sun ɗauke shi babban mataki, ni ma ban raina ba, amma ba warkewa ba ce. Na faɗi wannan ne don kada ku ɗauka ƙauyawa sun ji labari a rediyo sun zo suna neman a kawo musu gobe. Mun san maganin sikila na gyaran ƙwayoyin gado da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 an sa masa dala miliyan 2.2, alhali ƙasarmu ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Wannan ya ishe mu sanin nisan tafiyar.

Kukanmu na farko, kuma shi ne uwar sauran: cutar ba ta da suna a wurinmu. Dajin tumbi sunansa ulsa. Mutum zai yi shekara biyu yana sayen omeprazole a kemis, yana ramewa, tuwo ya gagare shi ya koma koko, koko ma ya riƙa dawowa. Dajin hanji da na dubura sunansu basir. Na san wata baiwar Allah, uwar 'ya'ya shida, da ta yi ta zubar da jini a bayan gida, kunya ta hana ta faɗa wa kowa sai surukarta, suka yi ta aiken yara wurin masu motar lasifika ranar kasuwa. Da ta zo hannuna, na sa safar hannu na duba, abin da na taɓa ba basir ba ne. Dajin hanta kuma sunansa shawara in ido ya yi ɗorawa, in ciki ya kumbura ya koma sammu. Idan ma an ambaci kalmar daji, sai tsohuwar magana ta taso cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, sai a ɗauke majiyyaci daga gadon asibiti a mayar da shi gida.

Kada a ɗora wa jahilci laifin gaba ɗaya. Ni da na yi karatun, me nake da shi a hannu? Abin awon hawan jini, abin awon zafin jiki, da takardar tura majiyyaci gaba. Gane dajin tumbi ko na hanji sai an zura kyamara an leƙa, an gutsuro 'yar tsoka an kai wa likitan da ke duba ta a madubin ɗakin gwaji. Wannan aiki na birni ne. Mutumin ƙauye zai biya kuɗin mota na mutum biyu, don ba ya tafiya shi kaɗai, ya kwana a barandar asibiti, a ba shi rana ta wani watan, ya dawo ya sake tara kuɗi. Maƙwabcin nan nawa sau biyu aka zuƙe masa ruwan ciki a wani asibiti da ba zan ambata ba, shanun huɗarsa suka tafi, gonar fadama ta shiga jingina, amma takardar da aka sallamo shi da ita ba ta ɗauke da sunan cuta. Rajistar masu ciwon daji tana manyan asibitocin birane. Wanda ya mutu a ɗakinsa aka yi masa sutura kafin la'asar, ba ya cikin kowane lissafi naku.

Wannan ya kai ni ga kuka na biyu, wanda ya fi shafar sunan hukumarku, tunda bincike ne kalmar farko a cikinsa. Maganin gyaran ƙwayoyin gado ɗinki ne da ake yi bisa awo. Sai an san irin kuskuren da ke rubuce a ƙarin mutum kafin a ƙera abin da zai dace da shi. A dajin fankiriyas, alal misali, fiye da kashi 90 cikin 100 suna da matsala a ƙwayar gado mai suna KRAS, shi ya sa masu bincike suka yi mata caa. To awon wa ake ɗauka? Cikin bayanan ƙwayoyin gado da manyan binciken duniya suka dogara da su, na 'yan asalin Afirka bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Kuma an riga an ga alamar cewa namu ba lalle ya zama irin nasu ba. Likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da takwarorinsu na Amurka, sun wallafa a 2021 cewa dajin hanjin 'yan Najeriyar da suka duba ya bambanta da na majiyyatan Amurka: wani nau'i da ya fi karɓar maganin zaburar da garkuwar jiki ya kusan ninka yawa a wurinmu. Wannan a Kudu maso Yamma ke nan. Mutumin Babura ko Kafin Hausa, mai cin gero da gyaɗa da nono, wa ya duba nasa?

A kan hanta ma abin ya fi ban takaici, domin an daɗe da sanin wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Akwai ƙwayar gado mai suna TP53, aikinta kamar na mai gadi ne, ita ke tsayar da ƙwayar da ta lalace. Tun 1991 masu bincike suka gano, a wani yanki na China da kuma kudancin Afirka, cewa gubar aflatoksin tana ɓata wannan mai gadi a gurbi guda takamaimai, gurbi na 249, har ana iya duba ƙarin hanta a gane sawunta. Daga baya an ga wannan sawu a Gambiya. Aflatoksin kuwa ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Fumfuna ce ke haifar da ita a gyaɗa da masara idan fari ya dake su a gona, ko aka shanya su a ƙasa, ko aka zuba su rumbu da sauran danshi. Dafuwa da suya ba sa kawar da ita.

Ku zo ku ga yadda ake tsintar gyaɗa a tsakar gida. Mace za ta baje ta a faifai, ta ware masu ƙiba masu kyau a buhu don kasuwa, saboda ɗan kasuwa ba ya karɓar mai tabo. Waɗanda suka yamushe, masu ɗaci, masu baƙin ciki, su ne rabon gida: a soya, a kai inji, a matse mai, tunkuzar ta zama ƙuli-ƙuli, ƙuli-ƙulin ya shiga kwaɗon zogale da yajin tsire da aljihun 'yan makaranta. Mai kyau ta tafi Dawanau, gubar ta kwana a gida. Idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B a jiki ɗaya, haɗarin daji yana ninkuwa ninkin ba ninkin. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya suna ɗauke da wannan ƙwayar cuta, mafi yawansu ba su sani ba. Shi ya sa dajin hanta yake ɗaukar mana magidanta masu ƙarfi a jika, ba tsofaffi ba.

Kuka na uku gajere ne don kowa ya san shi. Allurar rigakafin ciwon hanta ta shiga jerin rigakafin yara a Najeriya tun 2004, kuma ta farko ana so jariri ya same ta cikin sa'a 24 da haihuwa. Mafi yawan matanmu a gida suke haihuwa a hannun ungozoma, jariri kuma ba ya fita sai bayan suna. Kafin nan wanzami ya riga ya zo da askarsa, ya yi aski, ya cire beli, wani wurin har da tsaga. Taiwan ta fara yi wa jarirai wannan allura a 1984, dajin hanta a yaransu ya ragu a fili. Haka ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon ciki, wadda hukumar binciken daji ta duniya ta sa a jerin masu jawo daji tun 1994, ana kashe ta da maganin mako biyu, in an gwada an gano ta. Na san rigakafi aikin wata hukuma ce, ba taku ba. Amma ku ne za a kawo wa gawar, don haka ku ne ya kamata ku fi kowa ɗaga murya.

Sai maganar asusun tallafa wa masu ciwon daji na gwamnatin tarayya. Da aka buɗe shi an fara da dajin nono da na bakin mahaifa da na furostet na maza. Ba mu yi hassada ba, 'yan'uwanmu ne ke amfana. Sai dai mai dajin hanta ko hanji ko tumbi shi ma ɗan ƙasa ne, shi ma gonarsa yake sayarwa.

Kuka na ƙarshe sai na ɗan daɗe a kansa, don in ba a warware shi ba duk sauran aikin banza ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ba ne, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Ina bakin aiki a 2003 lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna, na ga yadda ake rufe mana ƙofa, kuma sunan wannan gwaji ne a bakin mutane. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Yanzu ku ƙaddara an zo wa waɗannan mutane da maganar ɗibar jini da tsoka don duba abin da suka gada daga iyaye da kakanni. In ba a shirya ba, kafin motarku ta juya an ce ana neman hana haihuwa ne.

Kuma tsoron ba na ƙauye ba ne kaɗai. A Amurka ma wani saurayi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya mutu a gwajin gyaran ƙwayoyin gado a 1999, abin da ya sa aka ƙara tsaurara ƙa'idoji. Su sun gyara dokokinsu sun ci gaba. Mu ma abin da muke so ke nan. Ba ma son a mayar da mu gonar gwaji, ba ma kuma son a tsallake mu saboda an ce muna da wuyar sha'ani. Mutanen nan da ake cewa ba sa yarda, su ne daga baya suka buɗe ƙofa da sarakuna da malamai suka shigo aikin, har aka tabbatar a 2020 cewa an kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga ƙasar nan.

Ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku haɗa kai da gwamnatocin Jigawa da Kano a riƙa kawo na'urar leƙa ciki da likitanta manyan asibitocin shiyya, irin su Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim da Birnin Kudu, ko da kwana biyu ne a wata, a sanar da ranakun a rediyo. A tsara yadda kwalbar tsoka za ta yi tafiya zuwa ɗakin gwaji a Kano maimakon majiyyaci, sakamako kuma ya dawo ta waya ga malamin asibitin da ya tura. A ba mu horo na kwana biyu da takarda guda da Hausa mai nuna alamomin da ba a jira da su: rama ba dalili, wahalar haɗiya, jini a bayan gida, ulsar da ta ƙi jin magani a mutumin da ya haura arba'in.

Ku sa dajin hanta da na hanji da na tumbi cikin asusun tallafi, ku kuma sauƙaƙa hanyar nema ga wanda ba ya karatun boko.

Ku matsa a mayar da gwajin ciwon hanta kyauta ga mai juna biyu a wurin awo, a haɗa ungozoma da mai rigakafi ta yadda allurar ranar haihuwa za ta iske jariri a ɗakin uwarsa. Wanda aka samu da ƙwayar kuma a duba ko yana buƙatar tenofovir, maganin da ke danne ta, a riƙa yi masa hoton hanta duk wata shida. Wanzamai a zauna da su, ba a kore su ba. Suna da sarkin aska, suna jin maganarsa.

Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona makonni kaɗan kafin amfani ya yi fure, yana rage gubar ƙwarai. Ku yi magana da ma'aikatun gona a sa shi cikin kayan tallafin damina tare da taki, da tamfol na shanya. Wannan ma maganin daji ne, ko da ba a asibiti ake ba da shi ba.

A kan binciken kansa, muna roƙon a kafa ma'ajiyar samfurin jini da tsoka ta masu dajin kayan ciki a wannan yanki, ƙarƙashin Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Tarayya ta Dutse, a tabbatar mutanen karkara suna ciki, ba 'yan birni kaɗai ba. Takardar amincewa ta kasance da Hausa, boko da ajami, da Fulatanci, a karanta wa mutum a gaban shaidar da shi ya zaɓa, a gaya masa yana da ikon cewa a'a kuma ba za a hana shi magani ba. Duk samfurin da zai fita ƙasar waje a san inda za shi da abin da za a yi da shi. A sa wakilan hakimai da malamai da mata a kwamitin da ke sa ido. In an gama bincike a dawo dandalin da aka ɗebi jinin a faɗi abin da aka gani. Ƙwarewar ba ta gagari ƙasar nan ba: cibiyar da ke Jami'ar Redeemer's a Ede ce ta fara karanta rubutun gadon ƙwayar korona a Afirka a watan Maris na 2020. Indiya kuma ta ƙera nata CAR-T ɗin, ta amince da shi a 2023, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na farashin Amurka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tura yaranmu can su koyo tun yanzu, ku kuma tanadar musu abin da zai sa su dawo.

Abu mafi sauƙi na bar shi ƙarshe, don ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ku da NAFDAC ku fito a gidajen rediyon Kano da Dutse ku faɗa da Hausa ƙarara cewa babu maganin gyaran ƙwayoyin gado da ake sayarwa a leda, ko a kwalba, ko ta WhatsApp, sannan a kama masu yawo da shi. Ledojin ƙanen maƙwabcina suna wurina na ajiye, in ana son shaida.

Mu a namu ɓangaren mun sayi littafi mai bango mai tauri. Sakataren kwamiti yana rubuta duk wanda ya rasu a mazaɓar da kumburin ciki, ko ɗorawar ido, ko zubar jini, ko rama mai tsawo: shekarunsa, sana'arsa, watannin da ya yi yana jinya, da abin da aka sayar. Ba mu iya rubuta sunan cutar ba, mun bar gurbinsa fari. In za ku turo wani ya duba, ya zo bayan an cire gyaɗa, ya ga shanya da tsinta da idonsa. Kada ya zo a watan Agusta, hanyarmu tana yankewa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin asibiti,
a madadin kwamitin lafiya na wata mazaɓa a masarautar Ringim, Jihar Jigawa.